Hoton Ƙirjin Maigandi Mahauci

Maigandi mahauci ne, ubansa ma mahauci. Tun da ya isa ɗaga cinyar raƙumi yake zuwa kwata a Sakkwato, bai taɓa koyon wata sana'a ba. A Mabera yake zaune da matarsa Sadiyatu, lokacin gonaki sun fi gidaje yawa a unguwar.

Da kuɗin man fetur ya shigo, soja na mulki, aka ƙara wa ma'aikata albashi, sai kowa ya tashi yana son nama kullum. Inda a da ake yanka raƙuma biyu aka koma shida. Maigandi yakan yi ta fiɗa tun asuba har rana ta take. Abin da ya ɓaci na kayan ciki sai ya jefa wa karnukan da ke kewaya kwata. Suka saba da shi, har wasu na biyo shi gida su kwanta kusa da randa.

A 1976 tari ya kama shi. A wani ɗakin shan magani aka ce tarin fuka ne, aka ɗora shi kan allura. Wata takwas yana zuwa ana soka masa, tarin bai tafi ba. Sadiyatu ta ware masa kwano da moɗa. Masu sayen nama suka fara tsallake teburinsa, daga baya sarkin fawa ya ce ya zauna gida ya huta.

Cikin masu sayen namansa akwai Istifanus, mutumin Kagoro, mai ɗaukar hoton ƙirji a asibiti. Da ya daina ganinsa sai ya tambayi gidan, ya zo ya same shi kan tabarma.

"Baba, an taɓa yi maka hoto?"

"Hoton mi? Ni da ba ni zuwa Makka bana."

"Ba wannan ba. Na cikin ƙirji."

Maigandi ya ce ya gaji da asibiti. Sadiyatu ce ta ɗauko masa riga ta tsaya a kansa har ya tashi.

Kwana biyu suna zaman benci saboda yawan jama'a. Da layi ya zo kansa, Istifanus ya jingina masa ƙirji da wani ƙarfe mai sanyi, ya ce ya ja numfashi ya riƙe. Tari ya hana. Sai a karo na uku aka samu.

Likitan Bamisire ne, ba ya jin Hausa. Ya ɗaga hoton ga haske, sai ga wani abu a huhun dama, kewayayye sumul, ya fi lemon zaƙi girma. Kafin likita ya buɗe baki Maigandi ya matso ya ƙura ido.

"Wanga abu na san shi," in ji shi. "Jakar ruwa ta. Muna iske ta ga huhun raƙumi, mu yanke mu ba karnai."

Istifanus ya fassara. Likita ya dubi Maigandi, ya gyaɗa kai, ya yi dogon bayani. Istifanus ya taƙaita masa: wata 'yar tsutsa ce da ke zama a hanjin kare. Kare ya ci huhun da ke da jakar, tsutsa ta girma a cikinsa, ƙwanta ya fita a kashinsa, ya shiga ruwa ko ya manne a hannu. Raƙumi ya haɗiya, mutum ma ya haɗiya.

"To allurar wata takwas hwa?" in ji Maigandi.

Istifanus bai fassara wannan ba. Ya ce dai sai an yi aiki an cire, kuma a Zariya za a yi.

Maigandi da Sadiyatu suka tafi a motar haya. Mako bakwai suka yi. Aka cire jakar ba ta fashe ba, likitocin suka ce ya yi sa'a. Ya dawo da tabo daga hammata har baya, hannun damansa ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa. Fiɗa ta ƙare masa ke nan.

Da ya ɗan ji ƙarfi ya je kwata ya roƙi sarkin fawa a haƙa rami a riƙa binne huhun da ya ɓaci. Aka haƙa. Aka yi mako biyu ana zubawa, damina ta zo ta cika ramin, aka koma yadda ake. Ya sake zuwa sau biyu ya yi magana, suka ce sun ji. Bai ƙara zuwa ba.

Ya koma wasa wa mutane wuƙaƙe a ƙofar gida da hannun hagu, in ya yi uku ya huta. Aka yi wa Istifanus canjin wurin aiki, ya zo sallama, ya tarar da shi yana barci a zaune, bai tashe shi ba. Maigandi ya rasu a shekarar da soja suka dawo mulki, bayan zazzaɓin kwana uku.