Tarin da Aka Bar Mini a Waƙar Bijimin Baba

Mu biyu ne kacal, amma in muka fara kiɗa a saman benen gidanmu na Sa'alaba a Jidda, tattabarun unguwar ƙaura suke yi zuwa Bani Malik sai mun gama. Ni ne mai waƙa, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wanda ya zo umra ya manta hanyar filin jirgi. Abokina kuwa haifaffen Jidda ne, direba, yana da jita ta lantarki da yake fesa wa turare fiye da hammatarsa. Hausarsa rabi ce, ragowar Larabci. Ni na kawo ƙauye, shi ya kawo rugugin lantarki, duk Juma'a bayan la'asar mu cakuɗa su.

Waƙar da ta raba mu ta bijimin Babana ce. Marigayi yana da wani farin san huɗa, tozonsa kaɗai ya isa mutum uku su sha inuwa, kuma ba ya ɗaga ƙafa sai an yi masa waƙa. Baba zai dafa garma ya rera, "Fari, ja mu je, rana ba ta jira," ya yi tari sau biyu, sannan sa ya motsa. Wannan layin na taho da shi daga gida. Sauran baitocin a tagogin mutane na haɗa su, ina rataye kamar jemage, sukurdireba a baki. Abokina ya ɗora musu jita mai kuka, har ni da na san bijimin ya daɗe da zama kilishi sai da na ji ƙwalla.

Da muka sami ranar ɗauka a wani situdiyo a Aziziyya, na kira Inna.

"Inna, kwanan nan za ki ji waƙar Baba a waya, da muryata."

Kafin magariba ta sanar da garin duka, har da waɗanda suka yi ƙaura.

Ashe a situdiyo ba tare ake ɗauka ba. Mai ɗaukar sautin ya ce sai na fara yin muryar jagora, wadda jita da ganga za su bi, kamar ɗinkin riƙo da tela ke yi kafin na gaske, daga baya a zare. Ta gasken sai wani makon.

"Ya akhi, kar ka wahalar da maƙogwaronka," in ji abokina. "Wannan gwaji ne bas. Yalla, rera ko yaya."

Ni kuwa na cika ciki da shinkafa da rago, ga goro a kunci. Na rera kamar mai kiran akuya. Da na zo wurin amshi, don wasa, na yi tarin Baba sau biyu. Muka tuntsire da dariya, muka watse.

Na shiga shan zuma da citta ina jiran ranar gaske. Na kira abokina, ya ce, "Bukra, in sha Allah," wato gobe. Goben nan ta yi aure, ta haihu, ta aurar da 'ya'ya. Inna tana tambaya, ni ma ina ce mata gobe.

Wata rana ina kan tsani a shagon wani mai aski a Bani Malik, na rungumi na'ura, sai jitar da na sani ta tashi daga wayar wani da ake yi wa gyaran gemu. Na kasa kunne in ji kaina. Muryar abokina ce ta fito, an goge ta da man shanu. Inda Baba ke cewa Fari, ya ce habibti, wato masoyiyata. Garma ta koma zuciya. Bijimin da ya shekara goma yana huɗe mana gonar gero, an saka masa abaya. Sai ga tari sau biyu, tsaf a kan kiɗa. Nawa. Ban san yadda na sauko ba, tsanin dai ya riga ni isa ƙasa.

Na sami abokin nawa a ƙofar gidansu yana wanke mota.

"Wallahi don kai na yi," ya ce, bai ɗago ba. "Ba ka da iƙama, takardar zaman ƙasa. Muryarka ta bazu, a fara tambayar wane ne wannan, sai ka tsinci kanka a jirgi."

"To tarin fa? Shi yana da iƙama?"

"Mai ɗauka ya ce ya zauna daidai, haram a cire."

"Bijimin kuma me ya yi maka?"

"Ya akhi, wa zai saurari waƙar saniya? Halas, ta riga ta fita."

Gaskiyar da ban gaya masa ba, ni ma ina tsoron jirgin nan. Da ya zaunar da ni ya tambaya, wataƙila da na ce ɗauki muryar, ka bar mini san. Bai tambaya ba.

Kafin in shirya ƙaryar da zan yi wa Inna, wani ɗan garinmu ya riga ya tura mata. Ita ta kira.

"Kai ɗan nan, mun taru mun saurara. Muryar ba taka ba ce, yarinyar ma ban santa ba." Sai ta ƙara da cewa, "Amma tarin na gidan nan ne. Sau bakwai na sa aka mayar mini wurin."

Na yi mata sallama, na kashe wayar.

Da zafi ya kai inda ƙwai ke dahuwa a aljihu, na'urar sanyaya ɗakin abokina ta mutu. Duk Jidda ni kaɗai na san halinta. Ya kira, murya ƙasa-ƙasa, yana haɗa ni da Allah da zumunci. Na saurare shi har ya gama, na yi masa tari sau biyu.

"Bukra," na ce, "in sha Allah."