Wata Uku Ina Tuƙa Tuwon da Ba Zan Ci Ba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina sayar da abinci a gefen tasha, inda manyan motoci ke jira kafin su yi lodin shanu su nufi kudu. Tuwon shinkafa da burabusko, miyar kuka da ta yakuwa, ranar kasuwa kuma mu ƙara da farfesun kan sa. Mace ce ni mai jiki, ban kuma taɓa ɗaukar hakan aibi ba. Direbobi ma kan ce abincin Hajiya a jikinta ake fara ganin sa.

Da aka ce ina da ciwon sukari ban tambayi ko mene ne ba, don na san shi. Innata da ke garin Gadaka tana da shi, da yatsu biyu aka fara mata, daga baya aka yanke ƙafar daga gwiwa, ni kuma na yi jinyarta. Shekara biyu ina haɗiyar ƙwayoyi, sukarin bai sauka yadda ake so ba. Wata safiya ina sauke tukunya, sai abokiyar aikina, wata mutuniyar Fika da ta girme ni, ta ture ni da ƙarfi. Ashe garwashi ne a kan babban yatsan ƙafata, har fata ta tashi, ni ban ji komai ba.

A ranar na hau adaidaita daga unguwar Dogo Tebo zuwa asibiti, ina kallon yatsan nan har muka isa.

Likitar da ke duba ni mace ce, ba ta da yawan magana. Bayan an wanke ƙunar ta ce, "Hajiya, akwai wata hanya, amma ba kowa ke iya ta ba. Kitsen da ya taru a hanta da kewayenta shi ke hana jiki sarrafa sukari. In mutum ya rage nauyi sosai, wasu ciwon kan lafa musu har su ajiye magani."

Na ce, "Me zan bari? Na bar lemo, na bar fura."

"Komai za ki bari. Mako goma sha biyu. Wani gari ne a 'yan ledoji, an auna abin da jiki ke bukata a ciki, ki dama da ruwa ki sha sau huɗu a rana. Sai ruwa da yawa, da ɗan dafaffen ganye ba mai. Ranar da kika fara zan tsayar da ƙwayoyin, kuma duk mako ki zo in gan ki. Ban yi miki alkawarin komai ba."

"Likita, abinci fa nake sayarwa."

"Na sani," ta ce.

Yayana da ke Kano shi ya nemo garin ya sa a mota. Kwali biyu. Na buɗe leda ɗaya na shinshina, ƙamshinsa kamar na abincin jarirai.

Kwana huɗun farko na ɗauka mutuwa zan yi. Kaina na sarawa, in na miƙe daga gaban murhu ƙasa ta juya. Bayan gida ya gagara. Ana tsakiyar zafin bazara, mutane na neman inuwa, ni ina lulluɓe da mayafi biyu. Duk wannan kuwa a tsaye nake a kan tukunya, muciya a hannu, tururin tuwo na dukan fuskata, ƙamshin daddawa da man shanu na shiga hancina tun daga hantsi har la'asar. In azumi ne, mutum ya san magariba na zuwa. Wannan babu kiran sallar da zai sake ni.

Ɗanɗanon miya ma na bar wa abokiyar aikina, don na san in harshena ya taɓa ludayi ba zan tsaya ba. Hannunta a gishiri daban yake da nawa. Wani tsohon dillalin shanu da ya daɗe yana cin abincina ya ajiye cokali ya ce, "Hajiya, wannan miyar ba ke kika yi ba."

A gida maigidana ya daina cin abinci a gabana. Sai ya ɗauki kwanonsa ya tafi zaure, ya wanke hannu da baki kafin ya shigo. Bai taɓa faɗa mini dalili ba.

Zuwa mako na biyar zannuwana sun fara zagaye ni sau biyu. Wuyana ya fito, gashi na bin mataji. Nan magana ta tashi a tasha: mai abincin nan ta rame haka kawai, ba ta ko cin abin da take dafawa, ciwon zamani ne. Babu wanda ya faɗa a gabana. Bencina ne ya riƙa yin sarari, mutanen da na san loma nawa suke yi suka riƙa wucewa suna gaishe ni daga nesa. Na kai takardar asibiti rumfa, na rasa wanda zan nuna wa.

Maigidana ya ce, "Ki rufe rumfar nan har ki gama."

Na ce, "Malam, in na rufe ai na tabbatar musu."

A mako na shida na karya. Da la'asar ne, ina kankare tukunyar tuwo a bayan rumfa, ƙanzo ya ɓallo a hannuna, mai zafi, ya yi ja. Ban san lokacin da na kai baki ba. Na tsuguna kamar ɓarauniya ina cusawa da hannu biyu, na sa yatsa na lashe gindin tukunyar miya, hawaye na zuba ina tauna. Abokiyar aikina ta leƙo ta gan ni. Ta ja tabarma ta kare ni daga hanya.

Washegari na je na faɗa wa likita, ina jiran ta ce aikin ya lalace. Ta auna ni ta ce, "Rana ɗaya ce. Kin sha na safe yau?"

"Ban sha ba. Na ga kamar babu amfani."

Ta sa aka kawo kofi da ruwa, na dama a gabanta na sha.

Abin da ya fi ƙanzon wuya shi ne Gadaka. A mako na takwas na je duba Inna. Labarin ramata ya riga ni isa. Na tarar ta ja jiki har gaban murhu ta yi mini dambun gero da rama, abin da na fi so tun ina ƙarama. Ta tura mini kwanon.

"Ci. Ƙafa aka yanke mini, ba hannu ba."

"Inna, an hana ni."

"Wa ya hana ki abincin uwarki? Dubi wuyanki. Ciwon bai kashe ki ba, yunwa za ta kashe ki."

Na yi mata bayani iya yadda na fahimta, tana girgiza kai. Lokacin shan garin ya yi, na fito da leda na dama a gabanta, ƙamshin dambun na tashi tsakaninmu. Ta ce in ba ta. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Wannan kike sha kullum?"

"Sau huɗu, Inna."

Ta daɗe tana shafa dungulmin ƙafarta ta saman zane. Sannan ta ɗauki faifai ta rufe dambun, ta tura shi bayanta inda ba zan gani ba.

"To shanye. Kada ki rage."

Na cika mako goma sha biyu. Kilo goma sha huɗu na zubar. Aka dawo mini da abinci kaɗan-kaɗan, ranar farko ƙwai ɗaya da kabeji, na kasa cinyewa don tsoro. Bayan wasu watanni ba magani aka ɗebi jinina, likita ta duba takardar ta ce sukarin ya sauka ƙasa da inda ake kiran sa ciwo.

Na ce, "Na warke ke nan?"

"A'a. Ya lafa. In nauyin ya dawo, zai iya dawowa."

Na fito ban san ko murna zan yi ba. Yatsun ƙafata har yau ba sa ji sosai. Wasu daga cikin masu cin abincina sun dawo, da yawa sun saba da wata rumfar.

Kwanan baya wata maƙwabciyarmu ta shigo, mijinta ma ciwon sukari gare shi, an ce za a fara masa allura, tana so in ba ta sunan garin. Na ce su fara zuwa wurin likita, ba abin da mutum zai yi shi kaɗai ba ne. Ta tambaye ni ko da wuya. Na buɗe baki zan ce da sauƙi, don in ƙarfafa ta, sai na kasa. Na ce mata ta shirya ganin mijinta yana kuka.

Ban gaya mata cewa tun bayan sallah kilo biyu sun dawo mini ba. Wata mai zuwa za a sake ɗibar jinina.