Injin feshin da ke ƙarƙashin gado

Jiya Kawu ya taso tun daga Ribah a kan babur yana son aron injin feshina, ciyawa ta cinye masa gonar dawa. Ni kuwa na san halinsa, kaya ba ya dawowa lafiya daga hannunsa. Sai na ce, "Ayya Kawu, ai yana Danko wurin wani abokina."

Muna zaune sai ga 'yata Hafsa ta dawo daga makaranta. Ashe ana koya musu yadda ake faɗin inda abu yake da Turanci, malamarsu kuma ta ce kowa ya gwada da kayan gidansu.

Kawu ya ce, "Amaryata, zo ki yi min Turanci in ji."

Ta gyara tsayuwa ta ce, "The goat is behind the kitchen. The sprayer is under Baba's bed."

Nan take na tuna Kawu ba ya jin Turanci. Na ɗauka na tsira.

Sai ya ce, "To, fassara min."

"Akuya tana bayan madafi. Injin feshi yana ƙarƙashin gadon Baba."

Kawu ko kallona bai yi ba. Ya shafa kanta ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Ya tada babur ya tafi.

Yau da safe na kai masa injin har gona. Ya karɓa yana murmushi ya ce, "Ya ka baro mutanen Danko?"

Jama'a, ku gaya min, da wane ido zan je masa gaisuwar Sallah?