Ranar da Muka Kife Tukwane a Tasha

Ban taɓa mantawa da ranar da muka kife tukwane ba. Lokacin ni ce sakatariyar ƙungiyar masu sayar da abinci a wata tasha a Tudun Wada, kuma kun san bakina ba ya shiru.

A littafin ƙa'idojinmu akwai layin da muka rubuta da kanmu: ba a korar mutum daga rumfa saboda tafiyarsa, ko muryarsa, ko abin da ake raɗawa a kansa. Kowa ya san don Ɗanliti aka rubuta shi. Ɗan daudu ne, ya daɗe yana tuwo a rumfar kusa da famfo, da ita yake ciyar da tsohuwarsa a Dutsen Abba.

Wata Litinin sai ga wani jami'i, Malam Sabo, da takarda mai hatimi. Ya ce, "Hajiya, ƙaramar ƙungiya ba ta da hurumin ba irinsu kariya, dokar jiha ce a sama. Ku soke layin nan, rumfar kuma a ba wani kafin Juma'a."

Na ce, "Ranka ya daɗe, me ya yi?"

Ya ce, "An ce."

An ce! Wallahi raina ya ɓaci, amma da hannuna na ja biro a kan layin. Ɗanliti yana tsaye da muciya yana kallona.

To, muna da al'ada a tasha. In an yi wa ɗayanmu rasuwa, kowa ya kife tukunyarsa a bakin rumfa, ba mai hura wuta sai mai makokin ya hura tasa, sannan a ɗebi garwashi a wurinsa.

Washegari ina shigowa, kai jama'a! Tukwane a kife tun daga ƙofa har famfo. Inna Talatu mai koko ce ta fara. Har Madam Ngozi mai shinkafa, wadda ko zazzaɓi ba ya hana ta girki, ta kife tata ta zauna a kai. Ni ma na ruga na kife tawa cike da murna.

Direbobi suka yi ta tambaya, "Wa ya rasu?"

Inna Talatu ta ce, "Murhun Ɗanliti."

Kafin hantsi tasha ta kaure, yunwa ta tayar wa kowa hankali. Malam Sabo na isowa shugaban direbobi ya tare shi: "Malam, ka kashe murhu ɗaya, ga shi duk sun mutu. Kai za ka dafa mana?"

Ya dubi tukwanen nan, ya ninke takardarsa ya sa aljihu. Ya ce, "Layi an soke, abin da zan rubuta ke nan. Maganar rumfa, ku kuka sani."

Ayyiriri! Inna Talatu ta rangaɗa guɗa. Ɗanliti ya durƙusa yana hura wuta, hawaye na zuba, yana cewa hayaƙi ne. Muka jeru ɗaya bayan ɗaya muna ɗiban garwashi.

Ku sababbin 'yan ƙungiya, layin nan har yau a soke yake, ga littafin ku duba. Abin da na koya shi ne, rubutun da na dogara da shi biro ɗaya ya kashe shi, kuma biron nawa ne. Matan da ba su iya karanta layin ba, su suka riƙe wa Ɗanliti rumfarsa.