Tukunyar Gawayi a Bakin Burtali

Ko da zan tsufa har in kasa gane jikokina, ba na jin safiyar da na taka iyakar gonar mahaifinmu za ta fita daga kaina. Na yi shekaru masu yawa a aikin soja, na ga abubuwan da har yau ba na son faɗa, amma wallahi in aka ce in zaɓi rana ɗaya da nake alfahari da ita, wannan safiyar zan ɗauka. Kuma ranar ba kaki a jikina, ba komai a hannuna sai fartanyar aro.

Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Maiyama, ba nisa da hanyar da ta nufi Jega. Na shiga soja a matsayin ma'aikaciyar jinya tun lokacin da ganin mace cikin kaki a wajenmu abin a taru a yi kallo ne, na kuma yi ritaya ina saje, da igiya uku a dantse. Duk tsawon aikin nan ban taɓa kwana a ɗakin da zan ce nawa ne ba. Yau wannan bariki, gobe wancan, kana cikin sabawa da maƙwabta sai takardar canjin wuri ta zo. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya mata biyu. Da ritaya ta zo aka ba ni wa'adin sakin ɗakin gwamnati, sai na duba na ga ni da yarana ba mu da inda za mu shimfiɗa tabarma mu ce nan namu ne.

Akwai wani tsari na gidaje da ake cirar wani abu daga albashinmu dominsa tun muna aiki, in mutum ya ajiye aiki sai a tallafa masa ya yi gini. Sharaɗinsa shi ne ka kawo takardar fili mai ɗauke da sunanka. To ni ina da fili, rabona na gado a gonar Baba, wadda tun rasuwarsa take hannun babban wanmu, manomin albasa da ke kai kayansa kasuwar Aliero. A wajenmu ba a hana mace gadonta da baki, amma kuma ba a yanka mata shi. Wa ya riƙe ya noma, in kaka ta yi a aika mata da gero. Ni ma haka aka riƙa aiko mini har bariki, ina ci ina godiya, ban taɓa tambayar daga ina zuwa ina nawa yake ba.

Na zo gida na yi wa Yaya bayani, ya ce ba komai, za a yi. Al'adarmu mace ba ta zuwa gona ranar rabo, wakili take naɗawa. Abin kunya, ni da na yi jinyar maza a bakin daga, sai ga ni zaune a tsakar gida ina tsinkar zogale da mata, maza sun tafi yanka mini fili. Da yamma aka kawo takarda da hatimin mai gari. Sunan Yaya ne a sama ɓaro-ɓaro, a ƙasa an rubuta cewa yana riƙe wa ƙanwarsa. Na gani, raina bai kwanta ba, amma na ce wa kaina ai duk ɗaya ne. Wannan wautar har yau in na tuna ta sai na ji haushin kaina.

A ofishin da ke kula da gidajen namu wata matashiyar hafsa ce ta karɓi takardar. Ta karanta ta sake karantawa, ta miƙo mini da hannu biyu cikin ladabi, ta ce wannan takarda ta nuna wana ne mai fili, ba ni ba, kuma ƙarshen wata za a rufe karɓar takardun rukuninmu. Ban yi mata gardama ba, don gaskiyarta ce. Ƙarshen watan nan kuma shi ne wa'adina na barin bariki.

Washegari na sauka a mota a Maiyama, na hau kabu-kabu ban tsaya gida ba sai rumfar albasar Yaya. Na same shi yana ware ruɓaɓɓu. Na ce a sake takarda a sa sunana. Bai ɗago ba, ya ce ai ya share mini ɗakin Inna marigayiya, ya sa an yi masa sabon daɓe, in zo da yarana mu zauna, me mace za ta yi da gida ita kaɗai. Na ce ɗakin aro na gaji da shi. Muka yi ta ja, sai da na matsa sannan ya fito da abin da ke cikinsa.

"Ke ɗiya mata gare ki. Ranar da kika kwanta dama, ƙasar Baba ta koma hannun surukai ke nan. Ina raye ba a yin wanga abu."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni dai an san ni da saurin fushi tun ina yarinya, soja kuma bai rage mini komai ba. Na ce masa 'ya'yana jikokin Baba ne kamar nasa, kuma Allah da ya ba ni rabon nan bai tambayi ko maza zan haifa ba. Na faɗi wasu maganganun da bai kamata ƙanwa ta faɗa wa wanta a gaban mutane ba. Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ce mu je wurin mai gari.

Mai garinmu dattijo ne, sa'an Baba. Na durƙusa a bakin zaure na gaishe shi, na kwashe komai na faɗa. Ya ja carbinsa, sannan ya ce shi tunda ya hau bai taɓa rubuta sunan mace ita kaɗai a takardar ƙasa ba, amma bai san inda addini ya hana ba. Sai dai akwai ƙa'ida tun ta kakanni: duk wanda za a sa sunansa, shi zai taka iyakar gonar da ƙafarsa, ya nuna ta kusurwa-kusurwa gaban shaidu da maƙwabtan gona. In ya kasa, wakilinsa ake rubutawa. Na ga Yaya ya yi murmushi, don a lissafinsa wadda ta bar ƙauye tun tana budurwa ko hanyar gonar ba za ta gane ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, na yarda." Aka sa gobe da hantsi.

Abin da Yaya bai sani ba shi ne, wata shekara ina 'yar yarinya an yi rigima tsakanin manoma da makiyaya a kan burtali, wato hanyar shanu da ta bi ta arewacin gonarmu. Da aka sasanta, Baba da ardon Fulani na wancan lokaci suka binne tukunya cike da gawayi a kan iyaka, saboda gawayi ba ya ruɓewa, gara kuma ba ta cin sa. Yaya yana ci-rani a kudu a lokacin. Ni na ɗauko tukunyar a kaina tun daga gida, ni na tsaya ina kallo Baba ya ƙirga taku bakwai daga gindin wata goriba ya haƙa rami.

Da hantsi muka taru: mai gari da magatakardansa, Yaya, maƙwabtan gona, da ardo na yanzu, ɗan wancan, wanda aka kira saboda burtalin. Mata kuwa suka tsaya can nesa wai itace suka zo yi. Na ɗaure zanena tamau na shiga gaba. Gabas na nuna tsohuwar tsamiya, kudu na nuna suri, yamma na bi layin gamba da Baba ya dasa har ƙarshensa. Kowace kusurwa maƙwabci ya ce haka ne. Na ji mai gari yana cewa ikon Allah a hankali, ni kuwa kaina ya fara girma.

Da muka juyo arewa sai na ga abin da ban zata ba. Goribar an sare ta, amma kututturenta na nan, kuma yanzu a tsakiyar kunyoyin Yaya yake. Shekara bayan shekara garma tana ɗan ƙara kunya ɗaya, har gona ta cinye burtalin ya koma siririyar hanya da saniya biyu ba sa jerawa. Wurin da aka ci ɗin nan kuma shi ne gaban rabona, mai kallon hanyar mota, inda na riga na zana a raina zan fitar da ɗan shagon magani. Baba ya rasu, tsohon ardo ya rasu. Duk duniya ba mai sanin tukunyar nan sai ni. Da na bi bakin kunya ta ƙarshe na ce nan ne, ba wanda zai musa, Yaya ma daɗi zai ji.

Ba zan yi ƙarya ba, na yi taku biyu zuwa can. Ina son wurin nan, ina son shi sosai. Sai na waiga na ga ardo ya jingina da sandarsa yana kallon siririyar hanyar, irin kallon mutumin da ya san an cuce shi amma ba shi da shaida. Na tuna gida zan gina a nan in kwana in tashi in yi salla a cikinsa. Na dawo gindin kututturen, na ƙirga taku bakwai manya irin na Baba, na ce wani ya ara mini fartanya.

Yaya ya matso kusa da ni ya rage murya. "Ke, kin san mi kike yi kuwa?"

Na ce na sani. Na yi ta sara, ƙasa ta yi tauri, gumi yana shiga mini ido. Ramin farko ban samu komai ba, har wani ya yi dariya. Na matsa kamu ɗaya na sake haƙawa. Can fartanya ta daki wani abu ya yi ƙas, na sa hannu na yaye ƙasa, sai ga bakin tukunya a fashe, gawayi baƙi ƙirin kamar jiya aka zuba. Na ɗebo cikin tafina na kai gaban mai gari, na ce iyakarmu ke nan, daga nan zuwa hanya na shanu ne.

Mai gari ya karɓi gawayin ya murza a yatsunsa, ya daɗe yana kallona, sannan ya juya ga magatakarda ya ce, "Rubuta sunanta. Sunanta da na ubanta, kada ka ƙara na kowa." Ana buƙatar shaidu biyu su dangwala. Maƙwabcinmu na yamma ya dangwala, aka miƙa wa Yaya tawada, ya kalle ta ya kalle ni, ya juya ya kama hanyar gari. Sauran maƙwabta suka noƙe saboda kunyarsa, ni kuwa na san in ba shaida ta biyu aikin banza na yi. Sai ardo ya jingine sandarsa, ya goge babban yatsansa a riga, ya ce a ba shi, in dai shaidar Bafulatani tana karɓuwa. Mai gari ya ce tana karɓuwa.

Na karɓi takardar na karanta sunana a sama, shi kaɗai. Na tsaya ƙam kamar a fareti don kada hawaye su zubo gaban maza, amma sai da suka zubo. Daga can wajen masu itace wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka kama mata.

Na kai takarda saura kwana uku a rufe, aka karɓa. Siminti da kwano daga Jega na sayo su, na tsaya a kan magina da kaina har suka riƙa ce mini Saje ba sassauci. Gidan ya fito ƙarami, ɗaki uku da tsakar gida, shagon magani kuwa babu wurinsa. Safe da yamma shanu suna wucewa ta bayan katangata. Yaya ya yi damina biyu bai taka ƙofata ba, ranar da muka tare ma bai zo ba, kuma abin ya yi mini ciwo fiye da yadda na nuna. Yanzu yana zuwa, mu gaisa, ya sha ruwa, amma maganar arewacin gona ba mu taɓa tayar da ita ba.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, haƙƙinka in ka naɗa wakili ka zauna a gida, da sunan wani za a rubuta shi, ko da kuwa mai ƙaunarka ne. Sai ka tashi ka taka da ƙafarka. In ka taka kuma, ka tsaya daidai inda naka ya ƙare, ko ba mai ganinka. Na rasa gaban fili, na kusa rasa ɗan'uwa, amma duk daren duniya ina rufe ƙofar da ba wanda zai ƙwanƙwasa ya ce mini wa'adi ya cika, kuma babu taku ɗaya na ƙasar wani a ƙarƙashin gadona.