Taku Ɗaya a Shekara

Shekarun baya, ina ƙaramin malamin firamare a ƙauyenmu can wajen Tofa, na tara samari da 'yan mata muka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ni ne shugaba, ni ne darakta, ni ne kuma mai jido benci. A lokacin gani nake ba zaluncin da zai gagare ni muddin an ba ni fili da lasifika. Kullum huɗubata ɗaya ce: matashi ya buɗe baki ya faɗi abin da ke damunsa.

Wata rana wata yarinya a ƙungiyar ta buɗe bakin. Mahaifinta ya rasu ya bar ta da mahaifiyarta da 'yar gonar da suke ci daga gare ta. Gonar ma aro ce, yayan mahaifin ne ya ba ƙaninsa tun da daɗewa, a gefen tasa. Idon jama'a ya hana shi karɓewa daga hannun marainiya. To a wajenmu gamba ake dasawa a kan iyakar gona. Sai ya zama duk shekara kafin ruwa ya sauka, baffan nata ya tumɓuke gamban ya matso da shi taku ɗaya cikin gonarsu.

Raina ya ɓaci, amma ba zan ɓoye muku ba, wani sashe na zuciyata murna yake na samu labarin da za mu yi wasa a kai.

Ba mu ambaci sunan kowa a wasan ba. Sai dai baffan yana da ɗabi'ar rataya rediyo a kafaɗa, kuma ba ya magana sai ya yi gyaran murya sau biyu. Abokina da ya fito a matsayin azzalumin ya ɗauko duka biyun. A wajen gwaji na gani, na yi dariya har da riƙe ciki, na ce kada ya canza komai.

Ranar Juma'a bayan la'asar filin makaranta ya cika. Abokina na yin gyaran murya na biyu, wurin ya kaure da dariya, kowa ya waiga yana neman mutumin. An tafa mana sosai. Kwana biyu yara suka dinga bin sa a hanya suna gyaran murya.

Baffan ya jira har aka yi girbi. Sannan ya je gaban mai unguwa ya ce, "Tunda na zama ɓarawo a cikin gonata, a ba ni abata." Kowa ya san aro ce, ba wanda ya iya musawa.

Na je gidan na tarar da mahaifiyar yarinyar tana sussukar geron ƙarshe. Na durƙusa na ce, "Inna, wallahi taimako muka yi niyya."

Ba ta ajiye taɓaryar ba. Ta ce, "Malam, kana zaton ban san yana matso da gamban ba? Na sani sarai. Na auna da ƙafata. A taku ɗaya a shekara, gonar za ta riƙe mu har yarinyar nan ta gama makaranta. Da ka tambaye ni."

Kafin wata damina suka koma unguwar Bacirawa a birni, wajen ƙanin mahaifiyar. Yarinyar ba ta gama makarantar ba, ban kuma sake jin muryarta ba.

Har yau ina aiki da matasa, har yau ina ce musu su yi magana. Amma ba ma ɗora labarin kowa a fili sai mun zauna da wanda abin zai faɗa wa a ka bayan an gama tafi an watse. Abin yana ci mini rai har yanzu. Idan na je gida nakan bi ta gefen gonar. An haɗe ta da ta baffan, ko tushen gamba ɗaya babu a wurin.