Ba a Shiga Ɗakin Nakiya da Takalmi

Duk baƙon da ya zo Riruwai, gidajen Turawa yake tambaya. Sai a haura da shi kan tudu a nuna masa su, ginin dutse da murhu a cikin falo da bututun hayaƙi, ya yi ta ɗaukar hoto yana jinjina kai. A nuna masa bakin ramin da aka bi aka haƙo kuza, da kwamin ninkayar da kwaɗi suka gada, da ragowar injinan da tsatsa ta cinye. Ni waɗannan ba su taɓa burge ni ba. Ubana ya yi wa kamfanin haƙar kuzar aiki har ya kurumce, amma iyakarsa da gidajen nan bakin ƙofar kicin. Ginin da na damu da shi ɗan ƙarami ne, can bayan gari a gindin dutse, ba shi da taga, ƙofarsa ta ƙarfe ce, kaurin bangonsa ya kai kamu biyu. Ɗakin nakiya muke ce masa.

Tun kafin Bature ya san hanyar garinmu kakanninmu ke narka kuza, wannan kuma a daina mantawa da shi. Abin da kamfani ya zo da shi injina ne da layin lebura da jiniyar tashi aiki. Mutane suka taru daga ko'ina, 'yan Filato da Barebari da Tibi da Ibo, kowa da ɗaki ɗaya a layi da murhunsa a ƙofa. A nan aka haife ni. Aikin Baba shi ne tsaron ɗakin da ake ajiye nakiyar fasa dutse, shi ke fito da ita kowace safiya ya miƙa wa masu shiga rami. Dokar wurin mai tsanani ce. Ba a shiga da ashana, ba a shiga da fitila, ba a shiga da takalmi, domin takalman ma'aikata na da ƙusa a ƙasa, in ƙusa ta gogi daɓen dutse ta yi tartsatsi, to shi ke nan, ba za a sami abin binnewa ba. Har manajan kamfani sai ya tuɓe takalmi a gaban Baba, kuma Baba ya ji daɗin wannan iyakar rayuwarsa.

Da kamfani ya tattara ya tafi, hukuma ta zo ta kwashe ragowar nakiyar, aka bar ɗakin wayam. Layin lebura ya fara zubewa ɗaki-ɗaki, wanda ya tashi gini ya zo ya ɗebi dutse. Ba a daɗe ba Baba ya rasu. Inna ce ta lura cewa ɗakin nan ba ya zafi, ba ya laima, ɓera kuma ba shi da ta inda zai shiga. Sai ta zuba irin masararta a tulu, ta haɗa da toka da barkono, ta liƙe baki da laka, ta kai can. Da damina ta faɗi irinta ya fito tsaf, babu wanda ƙwari suka huda. Shekara ta zagayo matan layi duka suka bi sahu, mai wake, mai gyaɗa, mai dawa. Dukansu matan lebura ne, dokar ɗakin ta zauna musu a jiki. Su tuɓe takalmi a bakin ƙofa, su shiga ba haske, kowace ta lalubi tulunta da hannu, ta san shi kamar yadda ta san kan ɗanta.

Akwai wani aiki na Inna da ya fi wannan girma a wurinta. Ita ke yi wa mata wankan gawa a unguwarmu. Ba kowa ake ba wannan ba, sai wadda aka yarda da addininta da riƙon amanarta. Tana da ƙunshi na musamman a ƙarƙashin gado, da sabulu da turare da ƙyallaye masu tsabta, ko mu 'ya'yanta ba ma taɓa shi.

Ina aure a Tudun Wada, ina koyarwa a firamare, maganar ta taso. Wanda ya tayar da ita ɗan ƙawar Inna ne, yaron da muka yi wasan ƙasa tare a layi, ya je Kano ya yi karatu ya dawo ana ce masa Malam. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da ilimi, yana kuma koyar da yara ba don a ba shi komai ba. Amma an yaye shi bayan jiniya ta daina kuka, bai san komai game da nakiya ba, bai kuma ga ya kamata ya tambaya ba. Ya ga tsofaffin mata sun yi layi a gindin dutse gab da faɗuwar damina, sun cire takalmi, sun shiga ɗaki mai duhu, sun fito da abu ƙulle a bakin zane. Sai ya yanke hukunci. A wurin karatun bayan la'asar ya ce akwai ɗakin iskoki a bayan gari, akwai kuma tsohuwar da ke jagorantar mata zuwa can. Bai kama suna ba, amma ko akuyar unguwa ta san da wa yake. Ya ƙara da cewa gara a rushe ɗakin, a yi wa masallaci katanga da dutsen.

A makon nan wata mata ta rasu, gida uku tsakaninta da namu. Inna ta jawo ƙunshinta ta zauna a bakin gado tana jiran ɗan aike. Tana nan zaune har ta ji wucewar masu makara ta bayan katanga. Wata aka ɗauko daga wata unguwa.

Da na ji, na hau mota na zo, raina a ɓace. Gaskiya kunya ce ta kawo ni, ba tausayinta ba, don har a makarantarmu an fara yi mini kallo-kallo. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, don Allah ki rufa mana asiri. Nakiyar nan ta ƙare tun ina goye. Ki sa silifas ɗinki ki shiga sau ɗaya a gaban mutane, ki kunna tocila, kowa ya ga ba komai. Magana ta mutu."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke ma karatun naki nan ya kai ki?"

"To mene ne a ciki, Inna?"

"In na sa takalmi yau, na yarda ke nan cewa jiya tsafi nake yi. Ubanki ya shekara ashirin yana shiga ɗakin nan ƙafa ba takalmi, ransa a hannunsa, don ku ci tuwo. Ni ban ga abin tuba a ciki ba. Tashi ki ɗora mana ruwan zafi."

Ranar da suka zo rushewa ina nan. Samari ne kusan goma da guduma da diga, Malam a gaba, mai unguwa a baya yana dogara sanda. Uwar Malam ba ta zo ba, ɗanta ya hana ta fita. Inna ta riga su isa. Ta buɗe ƙofar ta zauna a kan dokin ƙofa, ta miƙe ƙafafu, silifas ɗinta a ajiye gefe.

Malam ya ce, "Inna, ki ba mu hanya, ba da ke muke faɗa ba."

Ta ce, "Ga hanya nan, ɗan nan. Duk mai son gani ya shiga ya gani. Amma ya cire takalmi."

"Ba za mu girmama abin da Allah bai ce a girmama ba."

"To sai ku fara da ni. Gudumar ai a hannunku take."

Aka yi cirko-cirko. Ni kuwa tsoro da fushi sun haɗu mini. Mai unguwa ne ya matso. Shi ma tsohon lebura ne, ya shiga rami a zamaninsa. Ban ga alamar ya yi shawara da zuciyarsa ba, ƙafarsa ce kawai ta zare daga takalmi da ya iso ƙofar nan. Ya raɓa ta gefen Inna ya shige, muka ji yana ƙwanƙwasa tuluna. Ya fito da masara cike da tafinsa, duk toka, ya nuna musu. Ya ce, "Iri ne. Tuwon da kuka ci jiya daga nan ya fito. Ku ɗauki kayanku ku tafi." Ya yi musu bayanin ƙusa da tartsatsi, wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka yi dariya. Malam ya ce shi dai abin bai kwanta masa ba, ya juya.

Ɗakin ya tsira, yana nan har yau. Amma ba wanda ya hau mumbari ya wanke Inna, kuma maganar da aka yi a gaban jama'a ba ta gogewa a bayan gari. Damina biyu ana mutuwa a unguwar ba a kira ta ba. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, ba ta kuma fasa zuwa ɗakin nakiya da rana tsaka ba, ta tsakiyar kasuwa ma take bi don kowa ya gan ta. Ni dai na ga yadda ta rame, na kuma san abin yana cin ta.

Ina gida hutun makaranta uwar Malam ta rasu, da hantsi. Kafin ta cika ta bar wasiyya a gaban 'ya'yanta duka cewa kada wata ta taɓa gawarta in ba ƙawarta ba. Ina shara na ji sallama a zaure. Malam ne, idonsa jawur, ya tsuguna har ƙasa.

"Inna, Allah Ya yi wa tsohuwa rasuwa. Ta ce ke za ki yi mata wanka."

Inna ta yi salati, ta yi mata addu'a. Sannan ta ce, "Mai tsafi ba ta yi wa Musulma wanka. Ko ba haka littafin ya ce ba, Malam?"

"Inna, ki yi haƙuri. Na yi kuskure."

"A zaure ka yi kuskuren? Mutane nawa ne a ƙofar gidanku yanzu?"

Ya ce an cika.

"Je ka faɗa musu. Ina jinka daga nan."

Na tsorata ƙwarai. Gawa na kwance, rana na ɗagawa, an riga an tafi haƙar kabari. Na ce, "Haba Inna!" Ko kallona ba ta yi ba. Malam ya miƙe ya fita, na bi shi na laɓe a bakin lungu. Ya tsaya a gaban tabarmin masu zaman makoki, ya ce ya zalunci baiwar Allah, ya jefe ta da abin da ba ta aikata ba, ɗakin nan rumbun iri ne, yana roƙon jama'a su shaida. Ya maimaita har sau biyu don na baya su ji.

Kafin in dawo Inna ta riga ta yafa mayafi. Na raka ta. Ta yi wa ƙawarta wanka a natse, ba ta bar kowa ya sa hannu ba sai mai zuba ruwa.

A hanyar komawa na kasa haƙuri, na ce, "Inna, da bai faɗa ba fa?"

"Da na je mana. Tare muka yi amarci a layin lebura, bango ɗaya ne tsakaninmu. Wa zan bar wa ita?"

"To me ya sa kika sa shi?"

"Ke za ki ci gaba da shiga garin nan da sunana bayana, ke da 'ya'yanki."

Muka ci gaba da tafiya. Muna kaiwa kusurwar tsohon layi ta dafa ragowar wani bango, ta zauna a ƙasa, ta fashe da kukan da ta riƙe tun safe. Na zauna kusa da ita har ta gama.